Sitiyari Ɗaya, Direba Biyu

"Ban ba shi ba, Auta. Ki ji da kunnenki, kada gobe ki ce Gwaggonki ce ta ƙara wa zancen gishiri."

Baba Direba ya faɗi haka yana kallon takalminsa. Bai kalli 'yarsa ba, don ya san abin da zai gani.

Auta tana durƙushe a bakin ƙofar ɗakin, ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Hawaye ya gangaro mata har haɓa, ba ta share ba.

"Baba, me ya yi maka?"

"Bai yi min komai ba."

"To me aka ce maka a kansa?"

"Ba a ce min komai ba. Yaron kirki ne, alƙiblarmu ɗaya, hannunsa a mota ya fi na duk wanda na koya wa tuƙi. Amma ɗan tsallake ne, ni kuwa ba zan kai 'yata tsallake ba. Dole dai ba zan yi miki ba, ke ba yarinya ba ce. Ki kawo kowa a garin nan, ko gurgu ne, in ɗaura."

Gwaggo, yayar Baba, wadda ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarta, ta tafa hannu daga kan tabarma.

"Yo Allah na tuba, maza sun ƙare ne? Mutumin da ran da ya yi fushi ba ki ma san da wane yare zai zage ki ba?"

"Gwaggo, ba ya zagi."

"Au, har kin gwada shi?"

Auta ta ɗaga ido ta dubi kalandar da ke rataye a bango, saman kan Baba. Hotonsa ne a jiki, shi da Dogo, yaron da ake zancen a kansa, kowa ya ɗora hannu ɗaya a kan sitiyari suna dariya. Kalandar nan babu shagon da ba ta shiga ba, nan da tsallake.

Ga wanda bai san zancen motar ba, ga yadda yake. Garin nan da garin tsallake a da kamar ɗaki da falo suke. Yare daban, tuta daban, amma kasuwa ɗaya, tasha ɗaya. Sai aka yi wata rigima a kasuwa tsakanin ƙabilun biyu, abin da ya fara da cacar baki ya ƙare da gobara da gawawwaki. Hukumomi suka rufe iyaka, aka kafa shinge, shekaru suka yi ta wucewa. Da aka buɗe ma, buɗewar rowa aka yi, sai mai takardar izini.

Daga baya wasu mutanen ɓangarorin biyu, malaman makaranta da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata, suka kafa ƙungiyar sasanta tsakani. Sun yi taruka, sun sha lemo, sun ɗauki hotuna. Amma abu ɗaya da suka yi wanda talaka ya gani a ƙasa shi ne motar asibiti. Babban asibiti yana tsallake, ana hango hasumiyar ruwansa daga nan, na wannan ƙasar kuwa tafiyar yini ce.

Sai dai lasin ɗin nan ba ya aiki a can, na can ba ya aiki a nan. Don haka ƙungiya ta sa wa motar direba biyu. Baba ya kwaso marar lafiya ya kai bakin shinge, Dogo ya karɓi sitiyari ya ƙarasa. Auta, da yake ungozoma ce, tana baya tare da marar lafiya. Ƙa'ida ta ce direbobin su kasance a motar tare, zuwa da dawowa. Amma Baba bai taɓa tsallakawa ba. Da an iso shinge sai ya ja birki, ya ce gwiwarsa, ya sauka ya zauna wajen mai shayi har su dawo. Kowa ya san ba gwiwa ba ce, kowa ya bar shi.

Akwai wata ƙa'idar kuma, ita ce ta hana Auta barci. Duk direban da ya tashi a taro ya ce ba ya iya aiki da ɗan'uwansa, za a sauya masa wani, babu tambaya. Takardar da Dogo ke tsallakowa da ita kuwa ta motar ce. Ran da ya bar motar, ya bar garin.

Wanda ya tuna wa Baba wannan ƙa'ida shi ne Sakataren ƙungiya.

Da la'asar ya zo, motarsa na sheƙi, turarensa ya riga shi shigowa. Sakatare irin mutanen nan ne da in suka riƙe lasifika sai ka ji kamar ka rungumi maƙiyinka. Shi ya rubuta kalmomin da ke ƙasan kalanda. Ya daɗe yana neman Auta, tana ba shi ruwa tana ba shi haƙuri.

"Baba, ni fa ba don kaina nake magana ba," in ji shi, yana gyara zaman hula. "Zumunci da mutanen tsallake abu ne mai kyau, ai aikina ke nan. A yi kasuwa tare, a yi mota tare. Amma jini fa? Mutanen nan, Baba, ka fi ni saninsu. Gobe da hantsi akwai taro. Kalma ɗaya za ka faɗa, in samo maka wani direban, dattijo mai iyali. Ba faɗa, ba tonon asiri."

Gwaggo ta ce, "Kai dai Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ilimi dai ya yi rana."

Auta ta ajiye kofin ruwa a gabansa da ɗan ƙarfi.

"Malam Sakatare, wannan jawabin ma za a buga shi a kalandar baɗi?"

Ya yi murmushi irin na wanda ya saba da tambayoyin 'yan jarida.

"Ƙanwata, aiki daban, gida daban."

"Haka ne. Shi ya sa ni ma na bar ka a wajen aiki."

"Auta!" Baba ya daka mata tsawa. Amma da ta juya za ta fita, ta ji ya ce wa baƙon, murya ƙasa-ƙasa, "Allah ya kai mu goben."

Ta fice daga gidan.

Ta sami Dogo a harabar ofishin ƙungiya yana wanke motar. Ya naɗe hannun riga, yana goge madubi kamar fuskar jariri. Sunan ya bi shi, don in ya shiga mota sai ya tura kujera har ƙarshe kafin gwiwoyinsa su sami wuri. Hausarsa a tasha ya koya, tana da ɗan karkata, amma ba ta taɓa ɓata masa magana ba.

"Likita, wa ya taɓa min ke?" in ji shi. Haka yake kiranta don tsokana.

Ta gaya masa komai, tana yi tana shessheƙa. Ya saurara har ta gama, tsumma na ɗiga a hannunsa.

"To kada ya faɗa," in ji shi. "Ni zan faɗa. Zan tashi in ce na gaji da aikin."

"Ka yi hauka ne?"

"Tsohon nan ya koya min jin ciwon inji da kunne. Ran da zazzaɓi ya kama ni a hanya, rigarsa ya cire ya rufa min. In ya tashi gaban mutane ya ce ba ya iya zama da ni, ƙarya zai yi, kuma ƙaryar za ta ci shi har kabari. Gara ni in ɗauka."

"Ni fa? Ni wa zai ɗauke min?" in ji ta. "Kai ka huta, ka yi abin kirki, a yabe ka. Ni in zauna a bayan mota ina kallon ƙeyar wani. In wuce ƙofar gidanku ban isa in tsaya ba. Ka tuna ranar da ruwa ya tare mu a gada, matar nan ta haihu a hannuna, kai kana riƙe da fitila kana kallon gefe kana karanto duk addu'ar da ka sani? Ka ce min daga ranar ba ka ƙara ganin wata mace ba. Ashe hira ce?"

"Wallahi ba hira ba ce."

"To kada ka yi min gwaninta da rayuwata, Dogo."

Ya juya mata baya, ya ci gaba da goge madubin da ya riga ya goge.

"Ba zan sace ki ba, Likita," in ji shi. "Kullum a hannunsa nake karɓar ki a bakin shinge, a hannunsa nake mayar da ke. Ban iya wata hanyar ba."

Washegari da sassafe ta sami Baba a ƙofar gida ya buɗe gaban motar yana duba mai. Ya sa rigarsa ta zuwa taro. Ta tsaya a gefensa ta riƙe masa tsumma, kamar yadda take yi tun tana ƙarama, lokacin yana jan babbar mota.

"Baba, in tambaye ka?"

"In dai zancen jiya ne, na rufe."

"Ba shi ba ne. Gwaggo Ƙarama nake so ka ba ni labari."

Hannunsa ya tsaya. A gidan nan ba a ambaton ƙanwarsa. Auta ta san dai ta yi aure a tsallake ta rasu a can, sauran kuwa a bakin mutane ta tsinta.

Ya daɗe yana goge sandar duba mai kafin ya yi magana.

"Lokacin babu shingen nan. Igiya ce kawai, wani tsoho yana riƙe da ita, in ya gan mu ya sake ta tun daga nesa. Mu biyu ne a motar, ni da wani ɗan tsallake, Sarkin Gudu muke ce masa, don tafiyarsa kamar ta hawainiya. Mu yi lodi a nan mu karya kumallo a can. In barci ya kama ni ya karɓa, ko tsayawa ba ma yi. Aljihunmu ɗaya. Uwarsa tana ajiye min ruwan wanka. Kai, duniya ta yi daɗi a lokacin, Auta, ba mu ma san tana da daɗi ba."

Ya yi ɗan murmushi, murmushin ya gudu.

"Ya ce yana son ƙanwata. Gwaggonki ta yi ta ihu kamar yadda take yi yanzu. Na ce ni na ba shi. Ni na kai ta da kaina, a gaban mota, tana dariya tana cewa in rage gudu kayanta za su zube. Na ce mata, ke da gida ai tafiyar shan shayi ce, duk ran da kika yi kewa ki aiko."

"Sai aka rufe."

"Sai aka rufe. Tana da ciki. Ta aiko, Auta. Wani mai fasa-ƙwauri ya kawo min saƙo cewa jikin ya yi tsanani, tana kiran sunana. Na je shingen nan. Na roƙi soja, na durƙusa masa, yaron da na haifi kamarsa. Ina tsaye a wurin, rana ta fito ta faɗi. Daga inda mai shayi yake yanzu na hango mutane sun ɗauko makara sun nufi bayan gari. Ba wanda ya gaya min, amma na sani."

Hawaye ya sauka cikin furfurar gemunsa.

"Ba ƙin yaron nan nake ba. Amma abin da aka rufe sau ɗaya, za a iya sake rufewa. Masu lasifikan nan duk za su shige motocinsu su tafi. Ni za a bari a bakin shinge, kuma ƙafata ba za ta iya tsayuwar nan sau biyu ba."

Auta ta durƙusa a gabansa, a kan ƙasar da mai ya ɓata, tana kuka sosai.

"Baba, ka yafe min, akwai abin da ban gaya maka ba, don ka hana a yi zancen. Sarkin Gudu yana nan da rai."

Baba ya ɗago ya dube ta.

"Idonsa ya tafi. Yana zama a kan benci a ƙofar asibiti, wajen masu sayar da lemo. Bai sake aure ba. Ka san hon ɗinka, gajeru biyu da dogo ɗaya, wanda kake yi in ka shigo layinmu? Dogo ya ɗauka a wajenka, bai ma san ya ɗauka ba. Ranar farko da ya yi shi a ƙofar asibiti, tsohon nan ya miƙe tsaye, sandarsa ta faɗi, yana ta kiran sunanka. Ya zo yana shafa motar har ya kama hannun Dogo a taga. Ya shafa hannun, ya ce, a'a, wannan hannun yaro ne."

"Ya isa."

"Dogo ya so ya daina hon ɗin, tsohon ya ce kada ya daina. Har yau in mun iso sai ya miƙe. Ya san ba kai ba ne, amma sai ya miƙe, wai ko da rabo. Shi ma fa a bakin shingen nan aka bar shi, Baba, ta ɗaya gefen."

"Na ce ya isa!"

Ya rufe gaban motar da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi daga kan katanga. Daidai nan wayar aiki ta yi ƙara a aljihun Auta. Wata mata ce a unguwar masu jimar fata, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun jiya.

Gwaggo ta leƙo daga zaure. "Taron fa? Yaron nan Sakatare yana jira!"

"Mai naƙuda ba ta san da taro ba," in ji Baba, ya tayar da mota.

Suka ɗauki Dogo a bakin ofis. Ya gaida Baba, Baba ya amsa da ka. Suka ɗauko matar da uwar mijinta. Auta tana baya tana riƙe da hannun matar tana ba ta baki, amma ta ƙaramar tagar da ke tsakani tana ganin ƙeyoyin mutum biyun da ta fi so a duniya, ba mai ce wa wani uffan. A da hanyar nan ba ta isar su hira, Baba na ba da labarin tsofaffin motoci, Dogo na ƙaryata shi don ya ƙara.

Shinge ya bayyana. Mai shayi ya hango su, ya ɗauko kofin Baba ya fara ɗaurayewa tun kafin su tsaya.

Baba ya ja birki. Dogo ya sauka ya zagayo. Baba ya buɗe ƙofa ya sauko da ƙafa ɗaya, ya tsaya a haka.

"Baba," in ji Dogo, "kafin ka sauka. In mun dawo ba sai ka ce komai a taron ba. Ni zan..."

"Rufe min baki. Wa ya tambaye ka?"

Matar ta yi wani nishi mai tsawo. Auta ta ce, "Baba, don Allah, lokaci."

Baba ya dubi bencin mai shayi, inda zamansa ya sa katakon ya yi santsi. Ya dubi hanyar da ta miƙe bayan shingen. Sai ya mayar da ƙafarsa ciki, ya ja jiki da ƙyar ya tsallake sandar giyar mota, ya koma kujerar da Dogo ya bari.

Dogo ya tsaya baki buɗe.

"Za ka shigo ne, ko sai ta haihu a nan a sa wa ɗan sunan soja?"

Dogo ya faɗa ciki ya tura kujera baya. Baba ya laluba aljihun gaban mota ya ciro takardar izininsa, sabuwa fil kamar yau aka buga ta, ya miƙa ta taga. Jami'in ya duba takardar, ya duba Baba.

"Tsoho, yau gwiwar ta warke ke nan?"

"Ɗaga mana sandar nan, ɗana, muna da marar lafiya."

Sanda ta tashi. Mai shayi ya bi su da kallo, kofi a hannu.

Auta ta ga Baba ya dafe gaban mota da hannu biyu kamar mai shiga ruwa. Can sai ya fara magana, ba da kowa ba. Nan gidan mai ne a da. Wancan bishiyar a ƙarƙashinta suke sauya taya. A'a, wa ya rushe gidan abincin matar nan mai faɗa? Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, ya ciro ya ga Sakatare ne, ya kashe ta gaba ɗaya ya jefa cikin aljihun mota.

"Kai, Dogo."

"Na'am, Baba."

"Kada ka ga na shigo ka ɗauka wani abu. Ban ce na ba ka ba."

"Na sani, Baba."

"In an sauke matar nan, za ka kai ni bayan gari in yi wa ƙanwata addu'a. Daga nan ka kai ni in ga gidan naku, in ga ko akwai ɗakin da mutum zai sauka in ya zo ya daɗe. Don in aka sake rufe abin can, ni ba a waje za a rufe ni ba. Gani kawai zan yi, ka ji ko?"

"Na ji, Baba." Motar ta ɗan yi tangaɗi.

"Riƙe sitiyari da kyau, sakarai, kuka na mai naƙuda ne."

Auta ta kifa fuskarta a kafaɗar uwar mijin matar. Tsohuwar, da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta shiga bubbuga bayanta tana cewa, "Yi shiru 'yar nan, za ta sauka lafiya."

Ƙofar asibiti ta bayyana, ga masu lemo, ga bencin. Wani tsoho siriri yana zaune, ya ɗora haɓa a kan sanda. Dogo ya kai hannu zai danna hon, Baba ya buge hannun.

"Kai kana gaggawar na ƙarshen. Ba haka ake yi ba."

Ya miƙa nasa hannun ya danna. Gajeru biyu, sannan dogo ɗaya, ya ja shi har sai da masu lemo suka waiwayo.

Tsohon bai miƙe nan take ba kamar kullum. Ya ɗago kai, ya karkata kunne, bakinsa na motsi. Sannan ya saki sandar da kansa, ya taho da hannuwa biyu a gaba, ya wuce tagar direba ko tsayawa bai yi ba, yana shafa gaban motar, ya zagayo ɗaya gefen.

Ma'aikata suka buɗe bayan mota suka jawo gadon. Auta ta bi su da gudu tana riƙe da ledar ƙarin ruwa. A bakin ƙofar ɗakin haihuwa ta waiwaya sau ɗaya. Baba ya fito da hannunsa ta taga, tsohon ya kama shi yana shafawa, yatsa bayan yatsa.

"Ka tsufa," ta ji tsohon ya ce, da tsohuwar Hausar tasha.

"Kai kuma har yanzu ba ka iya sauri ba," in ji Baba.